GANI YA KORI JI? MACIJIN CIKI DA HOTON ASIBITI A ƘASAR MATAMAYE

A ƙasar Matamaye, kamar sauran wurare na jahar Damagaram, mutane da yawa sun ɗauka cewa mara lafiya bai ga lokotoro sosai ba muddin ba a yi masa hoto ba. Hoton nan, wanda ma'aikatan asibiti ke kira radiyo ko da yake babu abin da ya haɗa shi da akwatin sauraron labarai, yana da amfani babba, har ma yakan raba yaro da mutuwa ranar da macijin ciki ya toshe masa hanji. To amma awon tsutsa na yau da kullum wani abu ne dabam, mai sauƙi kuma mai araha. Sanin ranar da ake bukatar hoto da ranar da ba a bukatarsa yana cikin abubuwan da suka kamaci kowane magidanci, ɗan kasuwa ne ko ma'aikacin gwamnati, domin kuskure a gefe guda asarar kuɗi ce, a ɗaya gefen kuwa asarar rai.

Ƙasar danshi a bakin iyaka

Matamaye, babban garin gundumar Kance, tana kudu maso yammacin Damagaram da nisan sama da kilomita 80, bisa hanyar da ta ratsa Takeita ta gangara Ɗan Barto, ta shiga Najeriya zuwa Daura da Kano. Ƙasa ce mai yawan jama'a, mai kasuwa, kuma mai ruwa kusa idan an gwada ta da arewacin jaha. Fadamun Korama sun ba ta rake da garake na noman rani, inda ake samun salati da tumatir da kabeji da albasa lokacin da gonakin gero suka bushe.

Wannan danshi arziki ne, amma yana da nasa haraji. Ƙwan macijin ciki ba ya jimre wa rana mai zafi da busasshen yashi, shi ya sa binciken da aka yi ga ƴan makaranta a Nijar ya nuna cewa wannan tsutsa ba ta da yawa a ƙasar kamar yadda take a kudancin Najeriya da sauran ƙasashen bakin teku. Tsargiya, wato fitsarin jini, ta fi ta yawa nesa ba kusa ba. Sai dai inda duk aka sami ƙasa mai laima da inuwa, ga kuma bayan gida a fili, to ƙwan ya sami masauki, yana iya yin watanni har shekaru da ransa. Bugu da ƙari, mutanen Matamaye matafiya ne. Fatake suna zuwa Kano da Legas da Kwatano, almajirai da ƴan ci-rani suna tafiya suna dawowa, kuma abin da mutum ya haɗiya a can yana iya dawowa da shi gida.

Ma'anar wannan ga mai karatu abu biyu ne. Na farko, macijin ciki yana nan, ba a rasa shi ba. Na biyu, ba kowane kumburin ciki ne macijin ciki ba, kuma a wannan yanki sau da yawa wani ciwon ne dabam. A nan ne hoto yake shigowa.

Tafiyar tsutsa cikin jikin mutum

Macijin ciki, wanda masana ke kira Askaris, shi ne mafi girma cikin zagayayyun tsutsotsin da ke zama a hanjin ɗan Adam. Macen tana kai santimita 20 zuwa 35, kaurinta kamar na fensir, namijin kuwa ya ɗan fi ta ƙanƙanta. Mace guda tana iya zuba ƙwai wajen 200.000 a rana ɗaya, dukansu suna fita cikin bayan gida. Ƙwan da ya fita yau ba ya kama kowa nan take. Sai ya yi mako biyu zuwa uku ko fiye cikin ƙasa kafin ya nuna. Daga nan duk wanda ya haɗiye shi, ta hannu mai datti, ko ganyen da ba a wanke ba, ko ƙasar da yaro mai rarrafe ya kai baki, ya ɗauka ke nan.

Abin mamaki shi ne hanyar da ɗan tsutsar yake bi. Yana ƙyanƙyashewa a hanji, sa'annan ya huda jikin hanjin ya shiga jini, ya ratsa hanta, ya isa huhu. A huhu yakan yi kwana 10 zuwa 14, kana ya hauro maƙogwaro, mutum ya haɗiye shi da miyau bai sani ba, ya koma ƙaramin hanji inda zai girma. Daga ranar da aka haɗiyi ƙwan zuwa ranar da macen za ta fara nata ƙwai, wata biyu zuwa uku ne, kuma babbar tsutsa tana rayuwa shekara ɗaya zuwa biyu. Ba ta hayayyafa a cikin ciki. Kowace tsutsa da ke hanji daga ƙwai guda da aka haɗiya ta fito. Saboda haka zancen da ake yi cewa zaƙi ko rake ke haifar da tsutsa ba shi da tushe. Laifin na ƙasar da ke jikin raken ne da hannun da ya riƙe shi.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa mutum wajen miliyar 1,5 a duniya suna ɗauke da tsutsotsin da ake samu daga ƙasa, wato macijin ciki da tsutsa mai ƙugiya mai shan jini da danginsu. Mafi yawansu ba su ma san suna da su ba. Ga yara kuwa, yawan tsutsa yana rage cin abinci, yana tauye girma, yana kuma sa kasala a aji.

Awon da ya kamata a fara da shi

Tsutsar da ke zuba ƙwai 200.000 a rana ba ta iya ɓoye kanta ga madubin likita. Shi ya sa awon farko, mafi sauƙi kuma mafi tabbaci, shi ne awon bayan gida a labo, wanda majo ko lokotoro ke rubutawa KOP ko KAOP a takarda. Ana ɗibar ɗan kaɗan a shafa bisa gilashi, a duba da madubi mai girmama ƙananan abubuwa, cikin mintoci a ga ƙwan, a kuma gane na wace tsutsa ne, domin kowace da siffar ƙwanta. Akwai wata dabara da masana biyu na Japan, Kato da Miura, suka fito da ita a 1954, wani masani na Birazil mai suna Katz ya gyara ta a 1972, wadda da ita ake ƙidaya ƙwan a san ko tsutsar kaɗan ce ko mai yawa. Da ita ake yin binciken makarantu a ƙasashe da dama.

Awon bayan gida yana da amfanin da hoto ba shi da shi: yana bambanta macijin ciki da tsila, wadda ake samu daga naman shanu da bai dahu ba, da kuma amiba da sauran ƙwayoyin zawo, alhali kowanne da maganinsa. Wanda ya sayi maganin tsutsa a teburin kasuwa ba tare da awo ba, yana iya shan na macijin ciki alhali tsila ce ke gare shi.

Duk da haka akwai inda wannan awo yake gazawa. Idan ƴaƴan tsutsar suna kan hanyarsu ta huhu, ba su kai ga yin ƙwai ba, labo ba zai ga kome ba. Haka nan idan tsutsotsin duka maza ne. Abu mafi muhimmanci kuma, awon bayan gida yana cewa akwai tsutsa, amma ba ya faɗin ɓarnar da take yi a wannan sa'a, kuma yaron da hanjinsa ya toshe ba ya ma yin bayan gidan da za a auna.

Yadda hoton yake gani

A ranar 8 ga Nuwamba 1895 ne wani malamin jami'a na Jamus mai suna Wilhelm Röntgen ya gano, a garin Wurzburg, wani irin haske da ido ba ya gani, wanda ke ratsa nama amma ƙashi ya tare shi. A 1901 aka ba shi kyautar Nobel ta farko a fannin kimiyyar fizik saboda wannan. Abin da ke fitowa a fim inuwa ce kawai. Ƙashi yana tare hasken, sai ya fito fari. Iska ba ta tare kome, sai ta fito baƙa. Nama da ruwa suna tsakani, sai su fito toka-toka.

Daga nan mai karatu zai gane matsalar. Tsutsa nama ce, hanji ma nama ne, ruwan da ke cikinsa kuma launinsu ɗaya a fim. Tsutsa ɗaya ko biyar cikin hanji kamar farin zare ne bisa farin ƙyalle. Mutum yana iya biyan kuɗin hoto, a ce masa ba a ga kome ba, alhali tsutsar tana nan kwance. Hoton ciki na kai tsaye, wanda ake rubutawa ASP a takarda, yana nuna tsutsotsi ne kawai idan sun yi yawa sun dunƙule, iskar hanji ta shiga tsakaninsu ta zana gefensu. A lokacin ne mai karanta hoto yake ganin wani dunƙule mai layi-layi kamar igiyar guga da aka naɗe, ko kamar taliyar da ta cakuɗe a kwano, wani lokaci kuma ɗigo-ɗigo idan hasken ya same su ta kai.

Akwai dabara ta biyu da aka sani tun cikin shekarun 1920. Ana ba mara lafiya wani farin ruwa mai kauri kamar kunu, mai suna bariyum, wanda ke tare hasken kamar ƙashi. Idan ya cika hanji, hanjin ya fito fari, tsutsar kuwa ta fito kamar dogon baƙin layi cikin farin. Bayan wasu sa'o'i tsutsar da kanta takan sha bariyum ɗin, sai a ga siririn farin zare a tsakiyar jikinta, wato nata hanjin. Wannan alama ba ta da shakka. Sai dai ba a ba da bariyum ga wanda ake zaton hanjinsa ya huje ko ya toshe ƙwarai, domin yana iya zuba cikin ciki ko ya daskare ya ƙara toshewar. Yawanci ma a kan ga tsutsar ta wannan hanya ne bisa katari, lokacin da ake neman wani ciwon dabam.

Ranar da hanji ya toshe

Babban haɗarin macijin ciki shi ne toshewar hanji, kuma ya fi faɗa wa yara ƴan ƙasa da shekara 10, domin hanjinsu siriri ne. Tsutsotsin sukan taru su murɗe juna a ƙarshen ƙaramin hanji, inda ya fi matsewa. Zazzaɓi yana tayar da su, su shiga yawo, har wata ta fito ta baki ko ta hanci. A 1986 likitoci sun ba da labarin wata yarinya ƴar shekara 2 a Afirka ta Kudu da ta rasu, aka tarar da tsutsa 796 a hanjinta, nauyinsu garam 550, wato fiye da rabin kilo.

Alamomin da ya kamata kowane uba da kowace uwa su riƙe su ne: murɗar ciki mai tsanani da ke zuwa tana lafawa, amai da ba ya tsayawa, musamman idan ya koma kore, kumburin ciki, da tsayawar bayan gida da iska. Wani lokaci a ga tsutsa cikin aman, ko a ji wani ƙullutu idan an taɓa cikin. Yaron da ke cikin wannan hali ba ya bukatar jiƙo, ko tausa, ko maganin wankin ciki. Bai kamata ma a ɗura masa maganin tsutsa a gida ba, domin wasu magungunan suna sandarar da tsutsotsin wuri guda, dunƙulen ya ƙara tauri. Abin da yake bukata shi ne a kai shi asibiti a ranar, ko da dare ne.

A nan ne hoton ASP yake biyan kuɗinsa. Ana ɗaukarsa yaron yana tsaye, ko yana kwance ta gefe idan ba ya iya tsayuwa, domin ruwa ya kwanta ƙasa iska ta hau sama. Idan hanji ya toshe, sai a ga hanjin ya kumbura, da layuka a miƙe inda ruwa da iska suka haɗu, hawa-hawa kamar matakala. Idan dunƙulen tsutsa ne ya jawo, sau da yawa a kan gan shi. Idan kuwa hanji ya riga ya huje, sai a ga iska ta tsere ta taru ƙarƙashin tantanin da ya raba ƙirji da ciki, siffarta kamar jinjirin wata.

Wannan jinjirin wata yana da muhimmanci ƙwarai a jahar Damagaram, domin hujewar hanji sanadiyyar zazzaɓin tifoyid tana cikin manyan dalilan da ke sa a yi wa yara da matasa aikin gaggawa a babban asibitin Damagaram. Yaron da ya yi mako biyu yana zazzaɓi, cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar allo, iyaye suna iya cewa tsutsa ce, su ɓata kwana biyu wajen neman maganinta, alhali hanjinsa ya huje. Ga jarirai kuma akwai wani ciwo inda hanji ke shigewa cikin ɗan'uwansa, ga kuma ƙaba da ta shaƙe. Duka suna kama da juna ga idon iyaye, amma hannun lokotoro da hoto suna raba su.

Bisa ga abin da ya gani a jikin yaron da kuma a fim, lokotoro yana zaɓen ɗaya cikin hanya biyu. Idan toshewar ba ta cika ba, kuma yaron bai galabaita ba, a kan hana shi ci da sha, a sa masa ƙarin ruwa, a zura masa siririyar roba ta hanci zuwa tumbi don a janye abin da ya taru, a zuba ido kwana ɗaya ko biyu. Da yawa dunƙulen yakan warware da kansa, sa'annan a ba da maganin tsutsa bayan hanji ya buɗe. Wani lokaci a kan sake hoton don a ga ko an ci gaba. Idan kuwa hanjin ya murɗe, ko ya huje, ko jini ya daina isa gare shi, sai aiki. Mai fiɗa yana iya tatsar tsutsotsin da hannu zuwa babban hanji, ko ya tsaga hanjin ya fid da su, ko ya yanke sashen da ya mutu ya haɗa sauran. Bambancin tatsa da yanka sau da yawa bambancin sa'o'i ne. Ga mutumin Yawuri ko Kurni ko Dungu, wanda zai fara isa Matamaye, wata ƙila kuma daga can a tura shi Damagaram, kowace sa'a da aka ɓata a gida ana cire ta ne daga rabon yaron.

Inuwa a huhu

Hoton ƙirji ma yana da nasa labari. Lokacin da ƴaƴan tsutsar ke ratsa huhu, musamman idan an haɗiyi ƙwai da yawa gaba ɗaya, mutum yakan yi busasshen tari da zazzaɓi kaɗan da shessheƙa kamar mai asma. Idan an ɗauki hoto, sai a ga wasu inuwoyi kamar gajimare, waɗanda ke gushewa daga wannan wuri su ɓulla a wancan, kana su ɓace da kansu cikin mako biyu ko makamancin haka. Wani likitan Suwis mai suna Wilhelm Löffler ne ya bayyana wannan hali a 1932, har yau kuma da sunansa ake kiransa. Awon jini yakan nuna yawaitar wasu fararen ƙwayoyin jini da ke tashi idan akwai tsutsa, awon bayan gida kuwa ba ya nuna kome sai bayan wata biyu.

Amfanin sanin wannan shi ne kada a firgita da inuwa guda, kada kuma a raina ta. Inuwar tarin fuka tana zama wurinta tana ƙaruwa, ta tsutsa kuwa mai yawo ce. Awon majina shi ke yanke hukunci game da tarin fuka, kuma duk wanda tarinsa ya wuce mako biyu ya kamata ya yi shi.

Eko, da sunan Yamai a littattafan duniya

Akwai inda radiyo ba ta isa ba. Macijin ciki yakan shiga hanyar da ke kawo ruwan maɗaciya daga hanta zuwa hanji, ya jawo ciwo mai tsanani ƙarƙashin haƙarƙarin dama, wani lokaci da shawara. A 1990 likitocin Kashmir a Indiya sun wallafa bayanin mutum 500 da suka gani da irin wannan. Abin da ke nuna tsutsa a wannan wuri shi ne eko, na'urar nan da mata masu ciki suka sani, wadda ke aiki da amo maimakon hasken Röntgen. Eko tana nuna tsutsar kamar layi biyu a jere, har ana ganin motsinta, kuma a yau likitoci da yawa da ita suke fara duba cikin yaro idan tana kusa.

Nijar tana da hannu a wannan fanni. A watan Oktoba 1996 masana daga ƙasashe da dama suka taru a Yamai ƙarƙashin OMS, suka tsara yadda za a riƙa auna ɓarnar tsargiya da eko, a mafitsara da ƙoda da hanta. Wannan tsari da sunan Yamai aka san shi a duniya. Radiyo ma takan tona asirin tsohuwar tsargiya: ƙwan da suka maƙale shekara da shekaru a jikin mafitsara sukan daskare kamar alli, sai mafitsarar ta fito a fim da farin zobe. Haka nan kurkunu, wanda ya daɗe yana kwantar da manoman jahar Damagaram da damina kafin OMS ta shaida a 2013 cewa Nijar ta rabu da shi. Tsohon manomi yana iya zuwa hoton ƙafa saboda karaya, a ga wani farin zare a nannaɗe kusa da ƙashi: kurkunu ne da ya mutu a ciki tun da daɗewa, ba ya kuma bukatar magani.

Kuɗi da lissafi

Ɗan kasuwa ya san cewa ba a sayen buhu don a ɗebi mudu. Hoto ya fi awon bayan gida tsada, yana bukatar wutar lantarki da na'ura mai lafiya da ma'aikaci da ya ƙware, sa'annan ga kuɗin mota da na kwana idan sai an yi tafiya. A 2006 gwamnati ta ɗauki matakin kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocinta, a watan Agusta 2024 kuma ta yanke shawarar rage rabin kuɗin ayyukan asibiti, har da awon labo da hotuna, daga ranar 1 ga Satumba. Duk da haka, hoton da ba a bukata asara ne ko da rabin kuɗi ne, kuma yana cin wurin wanda ke bukatarsa.

Ban da kuɗi, hasken kansa ba a wasa da shi. Hoton ƙirji guda daidai yake da abin da jiki ke sha na kwanaki kaɗan daga irin wannan haske da Allah ya halitta cikin ƙasa da sararin sama, na ciki kuwa daidai da na wata uku zuwa huɗu. Wannan kaɗan ne idan akwai dalili, bai kamata ya hana a yi wa yaro mai toshewar hanji hoto ba. Amma yawan maimaitawa ba dalili ba shi da kyau, musamman ga yara. Mace mai ciki, ko wadda ke zaton tana da shi, wajibi ne ta faɗa wa mai ɗaukar hoton tun kafin ta shiga ɗakin. Yana da kyau kuma a adana tsohon fim da takardarsa, a tafi da su duk lokacin da za a koma asibiti, domin lokotoro ya gwada jiya da yau.

Kafin a kai ga hoto

Maganin macijin ciki ƙwaya ɗaya ce: albendazol mai miligaram 400 ko mebendazol mai miligaram 500, rabin albendazol ga yaro mai wata 12 zuwa 23. Ga ƙananan yara a kan farfasa ƙwayar a jiƙa ta, don kada ta shaƙe su. Mace mai ciki ba ta sha sai bayan wata uku na farko, bisa shawarar ma'aikacin lafiya. A 2001 babban taron OMS ya bukaci ƙasashe su riƙa ba da maganin tsutsa a kai a kai ga aƙalla kashi 75 cikin 100 na yaran da suka isa makaranta a wuraren da ciwon yake. A 2004 Nijar ta ƙaddamar da tsarinta na ƙasa na yaƙi da tsargiya da tsutsotsin ciki, aka shiga raba magani a makarantu da ƙauyuka. Uban da ya hana ɗansa karɓar ƙwayar saboda jita-jita, ya ƙi abu mai sauƙi ne ya bar ƙofa a buɗe ga mai wuya.

Magani yana kashe tsutsar da ke ciki, amma ba ya hana wata shiga. Abin da ke yanke hanyarta sananne ne: salanga a kowane gida da kowace makaranta da kasuwa, zubar da kashin yara cikin salanga maimakon bayan darni, wanke hannu da sabulu kafin ci da bayan fitowa daga ban ɗaki, yanke ƙumba, wanke salati da kabeji ganye-ganye da ruwa mai tsabta, da nisantar da bayan gida daga garka da rijiya. Ruwan jabel yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa, amma ƙwan macijin ciki yana da ɓawo mai tauri. Cuɗawa da ɗauraya da dafawa su ne ke raba shi da abinci. A nan ƴan kasuwa da ma'aikata suna da rawar takawa fiye da kowa, domin su ne ke cikin kwamitocin kasuwa da na iyayen yara, su ne kuma ake zuwa wurinsu neman shawara da kuɗin mota idan ɗan wani ya kwanta.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma gaskiya ne. Amma a zancen tsutsar ciki, gani iri biyu ne. Yaron da ke cin abinci yana wasa, sai dai rama ko ɗan ciwon ciki, madubin labo ya ishe shi, da ƙwaya ɗaya. Yaron da ke amai kore, cikinsa a kumbure, bayan gida ya tsaya, shi ne mai hoto, kuma a ranar. Allah ya ƙara wa yara lafiya, ya ba iyaye ikon gane bambancin.